Jinin Auta a Firjin Yaya

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin ɗakin firjinku? Baba da Inna suna gaishe ka. Auta ma ta ce a gaishe mata da Yayan Firji.

Ka yi haƙuri da na rubuto a takarda. Ka san idan Baba ya miƙo mini waya bakina rufewa yake yi, balle yana tsaye a kaina. Shi ya sa na yago tsakiyar littafina na ba direban layinmu da yake zuwa garinku. Ya ce in dai wasiƙa ba ta cin kujera, zai kai ta har ƙofar wajen aikinku.

Maganar idon Auta ce. Ka tuna farin nan da muke gani a idonta na hagu idan haske ya faɗa masa, kamar idon kyanwa? Ya ƙaru. Yanzu ba sai an haska tocila ba. Idon ya fara karkacewa kuma, idan tana kallonka sai ka ɗauka ƙofa take kallo. Inna ta goya ta muka je asibitin ido, ni na riƙe kati. Likita ya ɗiga mata magani, ya duba da wata 'yar fitila, ya daɗe yana dubawa. Sai ya juyo ya kalli idon roban Inna ya ce, "Baiwar Allah, naki yaushe aka cire?" Inna ta ce tun ba ta yi wayo ba. Ya ce to ciwon ɗaya ne, gadonsa ake yi. Wani ƙari ne yake tsirowa a cikin ido. Na hagun ya riga ya tafi, dole a cire shi. A na daman ma ya ga ɗan ɗigo, amma ƙarami ne, idan aka yi sauri za a ƙone shi da haske, idon ya tsira. Ya ce maganar ba ta son jira, kuma sai uban yarinya ya zo da kansa ya amince.

Da muka dawo Baba yana shago, ya buɗe cikin wata rediyo yana bin wayoyinta. Inna ta faɗa masa daga bakin ƙofa. Bai ɗago ba. Ya ce, "Cirewa. Irin yaran gyara na yanzu ke nan. Ka kai musu rediyo tana shaƙewa, ba za su bi waya su ga inda ta tsinke ba, sai su fizge allon gaba ɗaya su ce ka sayo sabo. To ido a wace kasuwa ake sayo shi?" Mai facin kusa da mu ya leƙo ya ce, "Tambayi uwargida mana, ai ita ta samo nata." Babu wanda ya yi dariya sai shi.

Baba ya ce ba za a taɓa idon ba sai sakamakon Rumbu, wajen aikinku, ya fito. Ka tuna ranar da mutanen wajen aikinku suka zo ɗakin taron unguwa suna ɗibar jini, ka shige gaba ka kai mu sahun farko? Suka ce za a tara jinin mutanen ƙasa a wuri ɗaya, a karanta abin da kowa ya gada a jikinsa, a samo maganin cututtukan gado. Har malamar da ta ɗebi namu ta daɗe tana tambayar Inna labarin idonta, ta ce irin gidanmu suke nema. Wannan maganar Baba ya riƙe. Ya ce masu karanta jini su ne masu bin waya, su za su ga inda ta tsinke, su gyara ba tare da an cire komai ba.

Don Allah Yaya, tunda kai kake kula da firjin da jininmu yake ciki, ka tambayo mana yaushe sakamakon Auta zai fito. Ko na sauranmu bai fito ba, nata kaɗai ya isa.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Shiru-shiru

*

Shiru-shiru ta gidanmu,

Wa alaikumus salam. Ashe bakin da ba ya magana hannu ya ba wa aron harshe. Na karanta wasiƙarki a tsaye, har abokin aikina yana tambaya ko budurwa na yi. Na ce masa wannan ta fi budurwa iya tsare mutum.

Ina lafiya ƙalau, sai dai mura, ita kuwa a nan kamar kakin aiki ce, kowa da tasa. Ki daina ce wa abin nan firji kamar na mai ƙanƙarar bakin titi. Kowanne ya fi ƙofar ɗakin Inna tsawo, kuma sanyin cikinsa idan kika taɓa ƙarfen da hannu tsirara, fatarki a nan za ta kwana. Sai da safar hannu mai kauri. Layi-layi suke a wani ɗaki mai faɗi, ba taga, ba ƙura, ba ƙuda. Muna da janareta biyu da ɗaki guda cike da batura. Wutar wurin nan ba ta ƙiftawa, kuma yayanki ne yake tsaye a kanta. Idan sanyin ɗaya ya ragu ko kaɗan, ƙararrawa za ta tashi, kuma sunana za a fara kira. Ki gaya wa Baba abin da ya koya mini na sauraren kukan inji ya yi rana. Ina jin wanda zai lalace tun kafin shi kansa ya sani.

Maganar Auta ta taɓa ni. Amma ku kwantar da hankali. Na haɗu da wani babba a matakala na yi masa maganar, ya ce ana kan aiki. Kin san aikin ƙasa ba irin gyaran rediyo ba ne da za a ce ka dawo da yamma. Jinin mutane ne jibge a nan, ba a iya ƙirgawa. Amma namu yana cikin na farko da suka shigo, ni da kaina na taya sauke akwatin daga mota.

Baba kuma bai faɗi ƙarya ba. Likitocin ƙananan asibitoci wuƙarsu a kusa take. Waɗanda na gani a nan, wasu daga ƙasashen waje aka kira su, ko tafiyarsu daban ce. Sauri kan haifi nawa. Abin da aka cire ba ya komawa.

Ga hotona nan da farar riga, ki ba Baba. Ga alewa kuma ta Auta, kada ki ce za ki ɗanɗana mata.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya mura? Allah ya ƙara sauƙi.

Hotonka yana shago, Baba ya manna shi a saman allon da yake rataye sukundireba. Duk wanda ya kawo gyara sai an nuna masa. Wasiƙarka kuma ya sa na karanta masa ita har na haddace. Inda ka ce wuƙarsu a kusa take ya fi so. Yana maimaita wa mai faci, mai faci yana maimaita wa masu kawo taya.

Yaya, zafi ya wuce, ruwa ya sauka, ba mu ji komai ba. Kullum direba ya dawo sai Baba ya fito da ƙarfen liƙi a hannu ya ce, "Babu saƙo?" Direba har ya fara bi ta bayan layi.

Auta ba ta da daɗi. Idon hagun ya yi ja ya kumbura, ba ta bari a taɓa wannan gefen fuskar ko wajen wanka. Tana cin karo da ƙafar gado da bokiti. Jiya 'yar tsanarta ta faɗi a gabanta, ta sa hannu tana lalube, alhali ga ta nan kusa da yatsanta. Na tura mata da ƙafa don kada Inna ta gani. Ashe ta gani.

Na taɓa jin Inna ta ɗaga wa Baba murya? Ban taɓa ba sai jiyan nan. Ta ce, "Malam, ni da ido ɗaya na haife su, na raine su, da shi nake zura maka zare idan maɓallinka ya cire. Da babu gara ba daɗi." Baba ya ce, "Ke an yi miki ne lokacin da babu ilimi. Yanzu ɗana yana cikin gidan ilimin, da farar riga. In bari a ƙwaƙule wa 'yata ido yau, gobe takarda ta zo a ce ga magani, da wane ido zan kalle ta?" Inna ta ce, "Da naka biyun." Ta shige ɗaki.

Kada ka gaya wa Baba wannan. Ranar da ya tafi sayo kayan gyara, Inna ta sake goya Auta muka koma asibiti. Likita ya gane mu. Da ya duba ya ajiye fitilar da ƙarfi. Ya ce ɗigon na dama ya girma, amma har yanzu akwai ɗan lokaci. Ya ce ina uban? Inna ta gaya masa maganar Rumbu. Ya ce Rumbu ba asibiti ba ne, ba su duba mara lafiya. Sai ya juyo kaina ya ce, "Ke ba kin yi makaranta ba? Ba za ki iya yi wa babanki bayani ba?" Na yi ta kallon takalminsa har muka fito.

Inna ta san hanyar da ta bi ta gaya wa Baba abin da likita ya ce game da Rumbu, kamar a bakin wata ta ji. Baba ya ce, "Mai shago ya taɓa yabon kayan maƙwabcinsa?"

Maganarka kaɗai Baba yake ji yanzu. Wane ne babban da ka haɗu da shi a matakala? Me ya ce daidai? Ya san sunan Auta? Idan sakamakon zai daɗe, ka rubuto ka ce zai daɗe. Ko layi ɗaya ne, zan karanta masa.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka

*

Shiru-shiru,

Salam. A gurguje nake rubutun nan, direba yana ta danna mini oda. An kawo sababbin firji, muna ta jan waya, kuma manyan baƙi za su zo duba wurin, har fenti ake yi.

Ki daina jero mini tambayoyi kamar ɗan sanda. Ba a faɗa wa ofishin manya haka kawai a ce ina sakamakon ƙanwata. Akwai tsari. Mutum yana lallaɓa aikinsa ne, kin san yadda aka sha wuya kafin a samu. Kuma ke da Inna ku daina zagayawa ta bayan Baba, ba tarbiyyar gidanmu ba ce.

Ki ce wa Baba an kusa. Ki riƙa sa wa Auta tsumma mai sanyi a idon.

Yayanki

*

Zuwa ga Malamar da ta ɗebi jininmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ina fatan kina lafiya da iyalinki. Ki gafarce ni, ban san sunanki ba. Na ce wa direba ya ba mai gadin ƙofarku, ya ce a ba malama mai jan gilashi da take fita unguwanni ɗibar jini. Idan ba ke ba ce, don Allah wadda ta karɓa ta miƙa mata.

Ban sani ba ko za ki tuna mu. Mu ne gidan da uwarmu take da idon roba, kika daɗe kina yi mata tambaya. Ƙanwata ce ƙaramar da ta ƙi miƙa hannu sai da kika hura safar hannu ta zama balan-balan kika zana mata fuska. Ni ce wadda ta riƙe ta. Ban yi magana ba ranar, ba rashin kunya ba ne, haka nake.

Ƙanwar tawa tana da ciwon da uwarmu ta yi. Likitan ido ya ce a cire na hagu, a ƙone ɗigon da yake na dama tun bai girma ba. Babanmu ya ce sai sakamakon jininta ya fito daga wajenku, don yana sa ran a ciki za a ga maganin da ba sai an cire ba. Babanmu ba mugu ba ne. Mai gyaran rediyo ne, ba ya yarda a jefar da abu ba a bincika ba. Ya fi kowa son Auta, a kan cinyarsa take cin abinci. Mun daɗe muna jira, idon na dama yana ta raguwa. Yanzu sai ta kawo abu dab da hancinta take gane shi.

Abin da nake roƙo, idan sakamakon ya fito ki aiko mana. Idan bai fito ba ki gaya mana yaushe. Ki rubuta da hannunki a takardar wajen aikinku mai tambari, don ita Baba zai yarda da ita.

Akwai ɗan'uwanmu da yake aiki a wajenku. Bai san na rubuto ba, kuma ba shi ya aiko ni ba. Don Allah kada abin ya shafi aikinsa.

Na gode. Allah ya saka da alheri.
Yayar yarinyar

*

Zuwa ga yayar yarinya, da mahaifinta,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wasiƙarki ta iso hannuna yau, kuma na roƙi direban ya jira na ba shi amsa. Na tuna ku sarai.

Zan fara da abin da ya fi muhimmanci. Ku kai yarinyar nan asibitin ido gobe da safe, ku yi abin da likita ya ce. Kada ku jira komai daga wajenmu, domin babu abin da zai zo.

Malam, ina roƙonka ka saurari wannan da kyau. Rumbu ba ya ba kowa sakamako. Da jini ya iso nan ake cire sunan mai shi a sa lamba, don kare sirrin mutane. Aikinmu shi ne mu tara na jama'a masu yawa, sannan masu bincike su kwatanta su, su gano abin da yake kawo irin waɗannan cututtuka. Wannan aikin shekaru ne masu yawa, kuma amfaninsa na 'ya'yan da ba a haifa ba ne tukuna. A yanzu ma tarawa kawai muke yi. Injinan karanta ƙwayoyin gado ba a gama kafa su ba. Jinin 'yarka yana nan yadda aka kawo shi, ba a buɗe shi ba, ba a buɗe na kowa ba. Ko da an karanta shi yau, abin da zai nuna shi ne abin da likitanku ya riga ya gani da fitilarsa. Babu wani magani da muke ɓoye da shi. Abin da ya ce a yi, shi ake yi a ko'ina a duniya.

Mun yi wannan bayanin ranar ɗibar jini kafin a fara. Amma na tuna ɗakin ya cika, lasifikar tana yankewa, kuma na san kalmar magani ta fi sauran shiga kunne. Da na ce irin gidanku muke nema, ina nufin don bincike. Ya kamata in tsaya in tabbatar an fahimce ni, musamman da na ga idon mahaifiyarta. Ina baƙin cikin hakan.

Na sa lambar wayata a ƙasa. Ku ba likitan, zan yi magana da shi.

Allah ya ba ta lafiya.
Jami'ar tattara samfuri

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuto ba. Muna asibiti ne, kuma ban san da me zan fara ba. Baba ya hana a kira ka a waya.

Na rubuta wa malamar da ta ɗebi jininmu. Na san za ka ce na zagaya ta bayanka. Ta ba da amsa a ranar, a takarda mai tambari. Ashe ana shiga ofishin manya. Mai gadi ma ya iya kai saƙo.

Na sami Baba a shago na ce ina da abin da zan karanta masa. Ya ɗauka sakamakon ne, har ya kira mai faci ya zo ya ji. Na fara karantawa. Da na zo inda ta ce ba a buɗe shi ba, ba a buɗe na kowa ba, ya ce in sake. Na sake. Ya ce, "Ba a ko kwance murfin ba?" Na ce haka ta rubuta. Mai faci ya ce ya bar taya a kan wuta, ya fita. Baba ya zauna yana kallon rediyon da take gabansa, ƙarfen liƙi yana ta cin katakon tebur, sai da na zare shi daga soket. Sannan ya tashi. Ya shiga gida ya ɗauki Auta da kansa, ya saɓa ta a kafaɗa. Ko rigar shago bai canza ba.

Likita bai yi masa faɗa ba. Da ma ya yi. Ya duba kawai, ya kira wani likitan, shi ma ya duba. Suka ce ɗigon na dama ya wuce a ƙone shi, ya cika idon, ya kusa jijiyar da take tafiya cikin kai. Sun cire na hagu, suka gwada wani magani ta ƙarin ruwa ko na daman zai ja baya. Gashinta ya zube, ta yi ta amai. Bai ja baya ba. Suka ce yanzu ba maganar ido ake yi ba, maganar rai ce. Baba ya ce, "Likita, babu inda za a bi a gyara?" Likita ya ce, "Da akwai, lokacin da suka fara zuwa." Baba ya dangwala hannu a takardar amincewa.

An cire na daman ranar Talata. Sun ce suna ganin ciwon bai wuce ba, za ta rayu. Inna ta ce alhamdu lillahi. Ita take kwana da ita, ita ta san yadda ake wanke wurin, ba sai nas ta koya mata ba.

Baba ya buɗe shago amma ba ya karɓar sabon gyara. Hotonka yana nan inda yake. Bai cire ba, sai dai ya daina nuna wa mutane.

Abu ɗaya nake so in tambaye ka, ba kamar ɗan sanda ba. Kai ka ce ko sanyin firji ya ragu kaɗan sai ka sani. Ka ce kana jin kukan kowanne. To idan ana buɗe su ana ɗaukar jini a karanta, ai kai za ka fara sani. Ka san ba a buɗewa. Lokacin da ka rubuto ka ce an kusa, me ka gani da ya kusa?

Malamar ta zo asibiti da kanta. Ta durƙusa ta gaishe da Inna, ta daɗe a bakin gadon Auta. Kafin ta tafi ta tambaya, a hankali, ko za a yarda su ajiye abin da aka cire don bincike, ta ce idan ba a so babu komai. Wannan karon ta yi bayani har sau uku, ta sa na maimaita mata abin da na fahimta. Baba ya fita waje. Inna ta ce, "Ku ɗauka. Wataƙila wata uwar ta huta."

Saboda haka idanun Auta suna zuwa wajenka a cikin akwatin ƙanƙara. Wataƙila kai za ka taya saukewa. Ba za ka gane su ba, lamba za a sa musu.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na karanta. Na kasa cin abinci tun jiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ki yi mini adalci. Ni mai gyaran firji ne. Farar rigar nan kowa ake ba, har mai shara. Ba a kiran mu taro, ba a gaya mana abin da ake ciki. Na ga ba a buɗewa, gaskiya ne, amma na ɗauka da an kafa injinan za a fara da na farko, kuma namu na farko ne. Kullum ana cewa injinan suna hanya. Mutumin matakala ma da na ce masa yaya aiki, ya ce ana kai. Ban ƙirƙira ba.

Kuma ki duba matsayina. Baba ya gaya wa duk layi ɗansa yana cikin masu binciken jini. Tun ina yaro ban taɓa yin abin da ya ce madalla ba sai wannan aikin. Ta yaya zan rubuto in ce ban san komai ba, wayar wuta kawai nake ja? Ban taɓa cewa kada a je asibiti ba. Shi ya yanke hukunci. Ke ma da kin rubuta wa malamar tun farko, da ba a kai haka ba. Ba laifi nake ɗora miki ba, ina nufin abin ya haɗu ne da ƙaddara.

Na nemi hutu, sun ce sai an sami wanda zai riƙe janareta, don ba a barin wurin ba kowa. Ki gaya mini ko Baba zai yarda in shigo gidan. Ki gaya mini kuma me zan kawo wa Auta. Na ga wata 'yar tsana mai waƙa idan an danna cikinta. Me take tambaya? Me take so? Ko mene ne zan nemo.

Ki gaishe da Inna. Ki ce mata ta yafe mini.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Mun dawo gida. Na gaya wa Inna, ta ce Allah ya yafe mana duka. Na tambayi Baba maganar zuwanka, ya ce gidan ba shi da makulli.

Ka bar 'yar tsanar. Auta ba ta tambayar abin wasa. An kwance mata bandeji, kuma ita a ganinta wuta aka ɗauke. Tana zaune a gado ba ta kuka, tana jira yadda muka saba jira. Idan ta ji motsi sai ta ce, "An kawo?" Baba ya daina shiga ɗakin. Inna takan ce mata tukuna.

Ɗazu ta tambaye ni yaushe za a kawo. Na ce mata ban sani ba, Yayan Firji ne ya san harkar wuta. Ta ce to a tambaye shi.

Na tambaye ka. Idan ka zo ka ba ta amsa da bakinka, ni ba zan karanta mata ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka